Naƙasa ba kasawa ba ce: mu ba su aiki

Jama'ar Bader Goula, ku duba ranar kasuwa. Za ku ga makaho da ɗan jagora. Za ku ga gurgu da ƙoƙon bara. Da yawa cikinsu ba bara suke so ba. Aiki suka nema, aka hana su.

Me ya sa ake hana su? Ga maganganu 3 da mutane ke yi.

Na ɗaya, wai naƙasasshe ba ya iya aiki. Amma gurgu ƙafa ya rasa, hannunsa da hankalinsa suna nan. Yana iya dukanci, da gyaran rediyo da salula, da tsaron kanti. Makaho yana tufka igiya, yana saƙar tabarma. Kurma yana noma, yana gini, yana ɗinki. Mace gurguwa tana turke rago, ta sayar lokacin layya.

Na biyu, wai ana ɗaukar cuta wajensu. Wanda shan inna ya gurgunta tun yana yaro ba ya shafa wa kowa gurguntaka. Farfaɗiya ba a ɗaukar ta, ko an ci tuwo ƙwarya ɗaya. Kuturta tana da magani, kyauta ake ba da shi, ana sha wata 6 ko wata 12. Wanda ya shiga shan magani ba ya yaɗa cutar. Asibitin Danja, kusa da Maraɗi, ya daɗe yana wannan aiki.

Na uku, wai ɗaukarsu aiki yana cin kuɗi. Sau da yawa abin kaɗan ne: kujera mai daidai da mutum, ko gangare a bakin ƙofa don keken gurgu ya shiga. Kurma kuwa, a nuna masa aikin da hannu, ya gani da idonsa.

Gwamnati ta yi doka kan wannan. Dokar 2 ga Maris 1993 ta ce: duk ma'aikatar da ke da ma'aikata 20 ko fiye, ta ware wa naƙasassu gurbi 5 cikin 100. Wato cikin 20, gurbi 1 nasu ne. A 2008 Nijar ta amince da yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin naƙasassu. A 2019 an yi sabuwar doka don ƙara shigar da su cikin harkokin ƙasa.

A ƙauye ba mu da manyan ma'aikatu. To, me za mu yi?

Tela da baduku su karɓi yaro naƙasasshe ya koyi sana'a.

Ƙungiyar mata mai adashi ta sa mace naƙasasshiya cikin zubi, ta samu jari.

Idan za a zaɓi mai kula da famfo ko bankin cimaka, a tuna da su.

Iyaye su yanko wa yaro takardar haihuwa, su sa shi lakkwal. Kada a ɓoye shi cikin gida.

Wanda ke neman bayani ya je ofishin magajin gari, ko wajen ma'aikatan jin daɗin jama'a a Dakoro.

Sadaka tana ƙarewa da yamma. Sana'a tana ciyar da mutum da iyalinsa shekara da shekaru. Kuma mai lafiya yau bai san abin da gobe za ta kawo masa ba.

Ku karanta wa waɗanda ba su iya karatu ba. A ajin yaƙi da jahilci, ku ƙidaya naƙasassun garinku, ku tambaye su aikin da suke so.