Zubewar Gashi: Abin Da Ya Kamata Ku Sani Kafin Ku Sayi Mai

Lafiyayyen mutum yana zubar da silin gashi 50 zuwa 100 a kullum, wasu kuma na tsirowa a madadinsu. Saboda haka abin da ke cika mataji ranar tsifa ba abin tashin hankali ba ne, na makonni ne ya taru a cikin kitso. Inda ake sa ido shi ne idan fatar kai ta fara leƙowa, ko goshi ya soma ja da baya.

Mai jego takan ga gashinta na zuba wata biyu zuwa huɗu bayan haihuwa. Haka ma wanda ya tashi daga zazzaɓi mai tsanani ko tiyata. Gashin yakan dawo da kansa cikin wata shida zuwa shekara. In ya ƙi, a je a gwada jini, don ƙarancinsa na jawo zubar gashi.

Wanda ya fi yi wa mata ɓarna kuwa, da kuɗinsu suke sayen sa. Makitsiya ta kama 'yan ƙananan gashin gaban goshi ta ja har gira ta ɗaga, a ɗora ƙarin gashi mai nauyi, sau da yawa a kan da bai daɗe da shan rilaksa ba. Daren nan ba a iya ɗora kai a matashi sai an sha maganin ciwon kai. Kwana biyu sai ƙananan ƙuraje su feso a layin goshi. A ce wai kitson ne bai saki ba. Saiwar gashi ce ke shan wahala. Idan aka sassauta da wuri gashin zai dawo, amma in aka shekara da shekaru ana yi, saiwar ta mutu, wurin ya zama sumul. Man kaɗanya da haɗin chebe na matan Chadi suna rage karyewar gashi, amma ba sa tada saiwar da ta mutu, komai daɗin bakin mai talla. Abin takaici, tun daga kitson Sallah na 'yan mata ƙanana ake fara wannan aika-aika.

Makero kuma cuta ce mai yaɗuwa tsakanin yara ta aska, mataji da hula. Shafe-shafe kaɗai ba ya kashe shi, sai likita ya rubuta maganin sha irin griseofulvin, a yi makonni ana sha ba fashi.

Sanƙon maza gado ne, ta wajen uwa ko uba, kuma sinadarin jiki da ake kira DHT ne ke tsuke saiwar sannu a hankali. Hula ba ta da laifi a nan. Magunguna biyu aka tabbatar: minoxidil na shafawa da finasteride na sha. Sai an yi wata uku zuwa shida kafin a ga canji, kuma in an daina, gashin da aka samu zai sake zubewa. Finasteride haɗari ne ga mai ciki, don yana iya cutar da ɗan tayi namiji.

Duk wanda ya ga wani gefen kansa ya goge lokaci guda kamar kwabo, ko fatar na ja da zafi, ya nemi likitan fata tun saiwar tana da rai.