Kasuwar da Aka Tsara Don Masu Mota

Uwargida, idan kin saba shiga manyan kantunan zamani inda ake ajiye mota a yi cefane, a sayi kayan yara, a ci abinci duk a waje guda, to wannan tsari yana da asali. Ɗaya daga cikin wuraren da aka fara shi ita ce Country Club Plaza da ke birnin Kansas a jihar Missouri ta Amurka.

Wani dillalin filaye mai suna J.C. Nichols ne ya bayyana shirin gina ta a 1922, shagunan farko kuma suka buɗe a 1923. Wurin yana kudu da tsakiyar gari, a bakin wani rafi mai suna Brush Creek, nesa da inda aka saba ciniki, don haka mutane suka riƙa yi masa dariya suna kiran aikin wautar Nichols. Shi kuwa ya hango cewa nan gaba da mota za a riƙa zuwa kasuwa. Sai ya tanadi wuraren ajiye motoci kyauta da gidajen mai, ya kuma sa kamfani ɗaya ya mallaki shagunan yana zaɓen masu haya.

Abin da ya fi jan ido shi ne ginin. Mai zanen, Edward Buehler Delk, ya ɗauko fasalin birnin Seville na ƙasar Sifen: jan rufi na yumɓu, bango mai ado da tayil kala-kala, baranda ta ƙarfe, da maɓuɓɓugan ruwa a filaye. A 1967 aka ƙara hasumiya mai tsawon ƙafa 138, kwaikwayon hasumiyar Giralda ta Seville. Ita Giralda ta asali hasumiyar kiran salla ce ta babban masallacin birnin, wadda aka kammala a 1198 zamanin daular Muwahhidun, kafin daga baya a mayar da ita ta ƙararrawar coci. Ke nan mai sayen takalmi a Kansas tana wucewa ne ta gindin fasahar maginan Andalus, ko ta sani ko ba ta sani ba.

Sai dai wannan kyau ba kowa aka yi wa ba. A unguwannin da Nichols ya gina kewaye da kasuwar, ya sa sharaɗi a takardun filaye cewa ba za a sayar wa baƙar fata gida ba, haka ma aka riƙa hana Yahudawa. Iyalai da yawa sun rasa damar mallakar gidan da za su bar wa 'ya'yansu gado, kuma wannan ba ƙaramin zalunci ba ne. A 1948 Kotun Ƙolin Amurka ta hana kotuna tilasta bin irin wannan sharaɗi, amma rabuwar unguwannin ta daɗe bayan nan. A 2020 hukumar kula da wuraren shaƙatawa ta birnin ta cire sunan Nichols daga babbar maɓuɓɓugar ruwan da ke kusa da kasuwar.