Hawan Dutse Da Manyan Yara Ba Sai Mai Kuɗi Ba

Zuwa ga Edita,

Ina roƙonka ka ba ni ɗan fili a cikin jaridarka, in yi magana da 'yan'uwana akawuna da malaman makaranta da sauran magidanta masu karanta ta, a kan wani al'amari wanda da yawa za su ɗauka wasa ne, amma a ganina ya wuce wasa.

Hutun makaranta ya kan zo sau uku a shekara. Yaro ɗan shekara 12 ko 15 ƙarfi ya fara zo masa, gida ya yi masa kaɗan. Uba kuwa in aka ce ya fita da iyalinsa shan iska, sai ya tuna da albashinsa, ya ce wannan sai masu hali. Saboda haka yara su kan kasu biyu. Waɗansu su wuni a ɗaki sun sunkuya a kan waya, waɗansu kuwa su sulale da abokai su tafi hawan dutse ba da sanin kowa ba, sai dai a ga an kawo yaro gida da karaya. Tun da ya ke yaro mai lafiya ba zai fasa hawa ba, gara ubansa ya kai shi da kansa, ya nuna masa yadda a ke yi. Kuɗi kuma ba hujja ba ne, gama ƙasarmu cike ta ke da duwatsu, da wuya ka sami babban gari wanda ba shi da nasa a kusa.

Sai in bayyana irin hawan da na ke nufi. Akwai hawan da a ke yi a jikin dutse mai miƙewa kamar bango, da igiya da ƙugiya da hular kwano. Wannan yana bukatar horo da kaya masu tsada, ba shi na ke faɗi ba. Wanda na ke nufi shi ne mutum ya tafi da ƙafarsa, in ya iso wuri mai wuya ya sa hannu ya dafa, ko ya rarrafa, ko ya kutsa tsakanin duwatsu biyu, har ya kai bisa. Yaran makiyaya su kan yi shi kullum a bayan awakinsu. Dabarar kawai ita ce a fara da mai sauƙi, sa'an nan a matsa gaba.

Mutumin Kano ya fara da Dutsen Dala, wanda ya ke a tsakiyar birni. Tsawonsa daga bakin teku mita 534 ne, amma daga gindinsa zuwa bisa ba nisa, an kuma yi masa matakala, har dattijo ma ya iya hawa in ya bi a hankali. Kansa marmara ce, irin wadda a ke samun tama a ciki, masana kuma sun sami alamun cewa mutane suna narka ƙarfe a wurin tun ƙarni na 7. Littafin Tarihin Kano ya ce a nan Barbushe ya zauna, shi ne mai kula da Tsumburbura, kafin zuwan Bagauda wanda a ke lissafin farkon sarautarsa daga shekara ta 999. In an kai bisa sai uba ya nuna wa 'ya'yansa Goron Dutse, da Gidan Rumfa, da wajen Kasuwar Kurmi, da abin da ya rage na ganuwa. A nan kuma zai gane wane ne a cikinsu ya ke jin jiri in ya dubi ƙasa, wane ne kuma mai gaggawa wanda ba ya jin kira. Wannan sani zai yi masa amfani gaba.

Mataki na biyu shi ne Dutsen Kufena, yamma da birnin Zariya, kusa da Wusasa. A nan ne a ke sa hannu da gaske. Kufena ƙaton falalen dutse ne mai tauri, irin wanda ya daskare a ƙarƙashin ƙasa tun zamani mai nisa, ruwa ya yi ta kwashe ƙasar da ta rufe shi har ya fito fili. Irin wannan dutse ya kan ɓare falle-falle kamar albasa, shi ya sa za ka ga manyan ɓarɓashi sun taru a gindinsa, jikinsa kuwa sumul. In ya bushe yana da kaushi, takalmi ya kan kama shi da kyau, amma in ya jiƙe ya fi sabulu santsi. A kewayensa akwai sauran tsohuwar ganuwa da kufai, ana kuma tsintar tsingaron tukwane, shaida ke nan mutane sun zauna a nan tun kafin birnin Zariya na yanzu ya kafu. Daga bisa ana hangen birni da Samaru inda Jami'ar Ahmadu Bello ta ke, da gonaki har iyakar ganin ido. Yaron da ya karanta labarin Bakwa Turunku da Sarauniya Amina a aji, ran nan zai gane dalilin da ya sa mutanen da su ke gina gari a gindin dutse, watau don su hangi abokan gaba tun daga nesa, su kuma sami mafaka. Gani ya kori ji.

Wanda ya saba da Kufena, ya kuma ɗan tara abin mota, ya nufi Duwatsun Shere, wajen kilomita 10 gabas da Jos. Mafi tsawonsu ya kai mita 1,829 daga bakin teku. Nan duwatsu ne a jibge, wani bisa wani, da kogo da tsaguwa, ba a shiga sai da ɗan jagora, gama hanyoyin suna kama da juna. Akwai sanyi kuma, domin iska ta kan ƙara sanyi da wajen digiri 6 a kowace mita 1,000 da aka hau, saboda haka a tafi da rigar sanyi. A nan Gwamnatin Tarayya ta ke da makarantar horar da matasa wadda aka fi sani da Man O' War, sunan da ta samo daga wani bakin teku a Kamaru inda aka fara wannan horo a 1951. Gwamnati da kanta ke nan ta yarda hawan dutse yana koya wa samari jimiri da taimakon juna.

Akwai kuma duwatsun da ya kamata mai iyali ya tsaya ga kallo. Dutsen Zuma na kusa da Madalla, wanda aka sa hotonsa a bayan takardar naira 100 da aka fitar a 1999, da Dutsen Wase na Jihar Filato, dukansu jikinsu a miƙe ya ke, ba wurin kai yara ba ne. Wanda ya ke wajen Jigawa kuwa ya je Birnin Kudu, inda hawan ba shi da wuya, ga zanen shanu na mutanen da a jikin Dutsen Habude da Dutsen Mesa, ga kuma duwatsu masu ƙara kamar kuge in an buga su.

To, nawa ne kuɗin? Abu uku ne kawai. Na fari kuɗin mota, in kuwa gida biyu ko uku suka yi karo-karo suka ɗauki mota ɗaya, abin da zai faɗa kan kowa kaɗan ne. Na biyu guzuri, wanda a gida a ke haɗa shi: gyaɗa, dabino, ƙuli-ƙuli, lemo, da ruwa, kowane mutum aƙalla lita 2. Na uku ɗan goron da a ke ba mai unguwa da tukuicin ɗan jagora. Wannan kada a yi ƙyashinsa, gama da ɗan gari a kan ci gari. Shi ya san hanya mai sauƙi, ya san tsaguwar da zuma ta ke, ya san wurin da mutanen gari ba su so baƙo ya taka. In an fita da asuba aka komo kafin la'asar, babu kuɗin masauki. Takalmi kuwa kambas ɗin makaranta mai igiya ya isa. Silifa da takalmi mai tsini da babbar riga a bar su gida. 'Yan mata su sa wando a ƙarƙashi, su ɗaure mayafi tamau, su ma a tafi da su, gama ba a halicci dutse domin maza kaɗai ba.

Kafin a sa rana, a tambayi labarin hanya. Kowa ya san yadda 'yan bindiga suka addabi dazuzzukan Zamfara da Katsina da waɗansu sassan Kaduna da Neja a shekarun nan, har wuri mai tarihi kamar Dutsen Kwatarkwashi mai hankali ba zai kai yara ba sai ya tabbata. Ko dutsen bayan gari ne, a ji ta bakin mai unguwa tukuna, a tafi cikin jama'a, a bar wa na gida labarin inda aka nufa da lokacin komowa, waya kuma ta kasance da caji. In aka ce kada a je, a haƙura, dutse ba ya gudu.

Lokacin da ya fi kyau shi ne daga Nuwamba zuwa Fabrairu, bayan ruwa ya ɗauke, dutse ya bushe, ciyawa ta yi ƙasa. Ranar da hazo ya yi yawa ba a ganin komai daga bisa, sai a jira ta washe. Da bazara dutse ya kan ɗauki zafi har ya ƙona tafin hannu tun kafin azahar. Da damina kuwa ga santsi, ga tsawa wadda ta fi faɗa wa wuri mai tsawo. In an ga hadari ya taso, a sauka nan da nan.

Ga ka'idodin da uba zai karanta wa 'ya'yansa a gindin dutse. Babba ɗaya a gaba, babba ɗaya a baya, ba mai wuce na gaba. A wuri mai wuya gaɓa ɗaya a ke ɗagawa, sauran uku suna riƙe, watau ƙafa biyu da hannu ɗaya, ko hannu biyu da ƙafa ɗaya. A girgiza dutse kafin a dogara da shi. Kada a taka baƙin layin da ruwa ya ke bi, gama gansakuka ce. Kada a cusa hannu a ramin da ido bai gani ba, domin kububuwa da kunama nan su ke fakewa. Kada a jefi zuma, kada a gangaro da dutse don wasa, akwai mutane a ƙasa. Mai ɗaukar hoto ya zauna tukuna, nesa da baki. Babbar ka'ida kuwa ita ce, sauka ta fi hawa wuya, domin ƙafa ta gaji, ido kuma ba ya ganin wurin takawa. Saboda haka duk inda ka ga ba za ka iya saukowa ba, kada ka hau. In yaro ya tsorata kada a yi masa dariya ko a tilasta shi, a zauna tare da shi, a komo wata rana. Sannu ba ta hana zuwa.

Ribar wannan fita ba kaɗan ba ce. Yaro ya kan koyi auna ƙarfinsa, ya koyi miƙa wa ƙanensa hannu, ya ga tarihin ƙasarsa da idonsa. Uba kuma ya kan ji daga bakin ɗansa a kan falalen dutse maganar da ba zai taɓa ji a zaure ba. Malaman makaranta ma suna iya yin haka da 'yan ajinsu, da iznin iyaye. A tuna a kwashe leda da gorar ruwa a sauko da su, kada kuma a rubuta suna a jikin dutse.

A ƙarshe ina roƙon 'yan'uwa na Bauci da Funtuwa da Dutse da Damagaram, kowa ya rubuto ya gaya mana dutsen da ya ke kusa da garinsu, da hanyar hawansa, da wanda a ke neman izni a wurinsa, domin mu ƙaru da juna.

Haza wasalam.

Ni ne naka,
Wani Akawu, Zariya.