Doka Ma Tana Da Uwa

 Yau hirarmu bisa doka ce. Wa ke yin doka? In mai yin doka ya wuce gona da iri, wa zai ce masa ya tsaya?

Dokoki suna da yawa. Akwai ta haraji, akwai ta gonaki da makiyaya, akwai ta zaɓe. Amma dukansu uwarsu guda ce, ita ake kira tsarin mulki. Cikin tsarin mulki ake rubuta yadda ake zaɓen shugaba, da shekarun da zai yi, da iyakar ikon kowa. Duk dokar da ta saɓa wa uwarta ba ta da ƙarfi.

Mu ɗauki tsarin mulkin Nijar na 1999. Ya raba aikin ƙasa kashi uku. Majalisa, wato depitocin da jama'a sunka zaɓa, ita ke yin doka, ita ke yarda da haraji da kuɗin da gwamnati za ta kashe. Gwamnati ita ke aiki da doka. Alƙalai su ke yanke shari'a. Kamar duwatsun murhu ne: in ɗaya ya goce, tukunya ta kife.

To, in majalisa ta yi dokar da ta saɓa wa tsarin mulki fa? Saboda haka anka kafa Kotun Tsarin Mulki a Yamai, mai alƙalai 7. A wancan lokacin, aikinta ta gwada doka da uwarta, kamar yadda tela ke gwada riga da jikin mai ita. In ta ce doka ba ta dace ba, ba a aiki da ita, kuma ba a ɗaukaka ƙara. A ƙarƙashin tsarin mulkin 1999, ko talaka, in yana gaban shari'a, yana da ikon cewa dokar da za a hukunta shi da ita ta saɓa wa tsarin mulki. Sai alƙali ya dakata har babbar kotun ta duba.

Ga abin da ya faru a 2009. Aya ta 36 ta ce shugaban ƙasa shekara 5 zai yi, ana iya sake zaɓensa sau ɗaya tak. Aya ta 136 ta ce ba mai taɓa wannan ƙa'ida, ko da majalisa ce. Shugaba Tanja Mamadu, wanda anka zaɓa a 1999 da 2004, ya nemi a yi zaɓen raba gardama don ya zarce. Shi ne abin da mutane sunka kira tazarce.

Ran 25 ga Mayu kotun, da Fatimata Bazeye ke shugabanta, ta ce abin bai bi doka ba. Washegari shugaba ya rushe majalisa. Ran 12 ga Yuni kotun ta soke takardar kiran zaɓen. Ran 29 ga Yuni ita ma anka rushe ta. An yi zaɓen ran 4 ga Agusta. Ran 18 ga Fabrairu 2010 sojoji sunka karɓi mulki. A ƙarshen 2010 anka yi sabon tsarin mulki, shi kuma an dakatar da shi a Yuli 2023.

Me za mu koya? Kotu ba ta da bindiga, ba ta da jandarma nata na kanta. Takarda ce kawai take rubutawa. Ƙarfin takardar yana ga biyayyar masu mulki, yana kuma ga jama'ar da ta san abin da ke cikinta. Wanda bai san iyakar gonarsa ba, ba ya gane ranar da anka ci masa ita.

Don haka, ƴan uwa, ku dage da karatu. In an ce muku ga doka, ku tambaya: wa ya yi ta? Wace aya ce? Ku nemi a nuna muku a rubuce, ku karanta da idonku, ku tattauna da malaminku na yaƙi da jahilci. Gani ya kori ji.

Sai wani jiƙon. Mu kwana lafiya.