Hutun Bakin Teku da Wasan Ƙwallon Lambu: Darasi ga Masarautar Daura

Sau da yawa jama'armu kan ga hotunan wasu wuraren shaƙatawa a talabijin ko a wayar hannu: fili kore shar a gefen teku, rana ta fito tarwai, mutane na tafe da sanduna suna bugun 'yar ƙaramar farar ƙwallo. Wasu kan yi mamakin yadda mutum zai bar gidansa, ya kashe kuɗin jirgi da na masauki, don kawai ya bi ƙwallo a cikin ciyawa. Wasu kuma kan tambaya ko ba za a iya kafa irin wannan wuri a yankinmu ba, domin mu ma mu samu baƙi da kuɗin shiga. Mun ga ya dace mu yi wa jama'ar karkara da shugabanninsu bayani a kan wannan harka, da irin darasin da masarautar Daura za ta ɗauka daga gare ta.

Mene ne ƙwallon lambu?

Ƙwallon lambu, wato golf, wasa ne da ake yi da sanda mai lanƙwasasshen kai da ƙaramar ƙwallo da ba ta kai girman ƙwan kaza ba. Cikakken fili yana da ramuka 18, kowane rami faɗinsa bai kai santimita 11 ba. Ɗan wasa zai fara bugu daga nesa, ya bi ƙwallonsa har ya jefa ta rami, sannan ya wuce na gaba. Wanda ya kammala da mafi ƙarancin bugu shi ne ya ci. Doka ta yarda ɗan wasa ya riƙe sanduna har 14 a jakarsa, kuma zagaye guda kan ɗauki kimanin sa'o'i 4, ana tafiyar kilomita 6 zuwa 8 a ƙafa.

Wasan ya bunƙasa ne a Sikotland, a arewacin Birtaniya, inda aka riƙa yin sa a kan tudun yashi na gaɓar teku da ba ya nomuwa. A garin St Andrews ne aka tsayar da ramuka 18 a shekarar 1764, daga baya duniya ta bi wannan tsari. Turawan mulkin mallaka da na haƙar kuza ne suka shigo da shi Nijeriya, suka buɗe filaye a garuruwa irin su Jos, Kano, Kaduna da Legas. A Abuja akwai filin IBB, a Uyo ta Jihar Akwa Ibom akwai otal mai fili a gefen kogi wanda aka buɗe a 2007, sannan a yankin Ibeju-Lekki na Jihar Legas akwai Lakowe Lakes, kusa da teku.

Me baƙo yake saye da kuɗinsa?

Daga watan Nuwamba zuwa Fabrairu sanyi kan tsananta a Turai, rana ta yi ƙaranci. A lokacin ne masu hali kan nufi ƙasashe masu ɗumi irin su Maroko, Masar, Kenya da Gambiya don yin hutu. Wanda ya sauka a irin wannan masauki yakan tashi da sassafe ya yi wasa kafin rana ta take, ya ci abinci, ya huta da azahar, da la'asar ya fita shan iska a bakin ruwa ko ya shiga gari sayen tsaraba.

Idan muka bi sawun kuɗin wannan baƙo, za mu ga sun ratsa hannaye da yawa. Direban da ya ɗauko shi daga filin jirgi ya samu. Yaron da ke ɗaukar masa jakar sanduna ya samu. Mai ban ruwa, mai dafa abinci, mai wanki, mai gadi, manomin da ke kawo tumatir da albasa, masunci, maɗinki da baduku, kowa ya samu rabonsa. Wannan ne dalilin da ya sa gwamnatoci ke ba harkar yawon buɗe ido muhimmanci.

Amma akwai abin lura. Teku tana da tsawo. Gaɓar Nijeriya kaɗai ta haura kilomita 800, kuma mafi yawanta babu baƙon da ke zuwa hutu. Inda ake zuwa shi ne inda aka yi tanadi: hanya mai kyau, ruwan sha, makewayi mai tsabta, tsaro, farashi sananne da ma'aikata masu fara'a. Ashe abin da baƙo yake biya shi ne shiri da kulawa. Teku da ƙwallo dalili ne kawai na fitowa daga gida.

Batun ruwa da fili

Fili mai ramuka 18 kan ci hekta 50 zuwa 70, wato gonakin gidaje masu yawa. Ciyawarsa ba ta jure ƙishirwa. A wurare masu zafi da ƙarancin ruwan sama, fili guda kan sha fiye da lita miliyan 1 a rana lokacin rani. A Legas ruwan sama kan haura milimita 1,500 a shekara. A yankin Daura kuwa bai kai rabin haka ba, kuma damina ba ta wuce watanni 4, daga Yuni zuwa Satumba. Ruwan da muke da shi a madatsun Sabke da Daberam da rijiyoyin burtsatse, mutane da dabbobi da masu noman rani ne suka fi cancantar sa.

Waɗanda suka fara wasan a Arewa sun fahimci haka. Shekaru da dama, a filaye irin na Kano, maimakon ciyawa a kewayen rami sai a shimfiɗa yashi da aka cuɗa da baƙin mai, a daddaɓe shi. Sun daidaita wasan da yanayin ƙasa. Haka kuma ƙwallon dawaki, wato folo, ya samu gindin zama a Katsina tun zamanin Sarki Muhammadu Dikko a shekarun 1920, har Sarki Usman Nagogo ya shahara da shi, saboda ya tarar da mu da dawaki da mahaya. Baƙon abu yakan zauna ne idan ya samu abin da zai dafa a gida.

Don haka muke jan hankalin manoma da masu unguwanni: duk wanda ya zo neman gonaki masu faɗi da sunan gina wurin shaƙatawa, a yi masa tambayoyi uku. Daga ina zai samo ruwa? Wane aiki 'ya'yan yankin za su samu? Ina takardun hukuma? Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta damƙa amanar filayen jiha a hannun Gwamna, ta kuma ba ƙananan hukumomi ikon bayar da izinin mallaka na gargajiya a karkara. Kada kowa ya sa hannu a takardar da ba a karanta masa ba, kuma kada a yi ciniki a bayan dagaci da hakimi. Gona idan ta tafi, da wuya ta dawo.

Abin da Daura take da shi

Ba mu da teku, amma muna da abin da kuɗi ba ya ginawa. Rijiyar Kusugu tana nan a tsakiyar gari, inda tarihin baka ya nuna Bayajidda ya kashe macijiyar da ke hana ɗiban ruwa sai ranar Juma'a, ya auri Sarauniya Daurama. Daga wannan labari ne aka samo tushen Hausa Bakwai: Daura, Kano, Katsina, Zazzau, Gobir, Rano da Biram. Duk Bahaushen da ke Zangon Kumasi, ko Damagaram, ko Sudan, ya taɓa jin sunan wannan rijiya. Akwai kufan Tsohon Birni, akwai fadar Mai Martaba Sarkin Daura, Alhaji Umar Faruk Umar, wanda ya gaji marigayi Alhaji Muhammadu Bashar a 2007. Garuruwan Zango da Baure suna riƙe da tarihin gidan sarautar da ya yi hijira bayan jihadin farkon ƙarni na 19.

Muna da hawan Sallah da hawan Magajiya, muna da Sallar Gani a watan Rabi'ul Awwal. A Disambar 2024 hukumar UNESCO ta sanya hawan Sallah na Kano a jerin al'adun duniya, abin da ke nuna darajar irin wannan gado a idon baƙi. Kasuwar Mai'adua ta ranar Lahadi, kusa da iyakar Kongolam, tana tara fatake da dabbobi daga Nijeriya da Nijar. Mai zuwa daga Katsina, tafiyar kimanin kilomita 80, zai iya ratsewa Durɓi ta Kusheyi a ƙasar Mani, bayan ya ga Hasumiyar Gobarau.

Baƙi ma ba sai an jira na Turai ba. Tun bayan da aka binne tsohon Shugaban Ƙasa Muhammadu Buhari a gidansa na Daura ranar 15 ga Yuli, 2025, sunan garin ya ƙara shiga kunnen duniya. Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya da Jami'ar Sufuri suna kawo ɗalibai da iyayensu daga jihohi daban-daban. Titin dogo na Kano zuwa Maraɗi, wanda aka ƙaddamar da aikinsa a 2021, an tsara shi ya bi ta Daura. Ranar da Bature yake biyan kuɗi don ya samu kuwa, Allah Ya ba mu ita kyauta, kuma watannin hunturu su ne mafi daɗin yawo kafin zafin bazara na Maris zuwa Mayu, lokacin da awon zafi kan haura 40.

Aikin da ke gabanmu

Ga shugabannin ƙananan hukumomin Daura, Mai'adua, Sandamu, Zango da Baure, da kansiloli da ma'aikata, muna ba da shawarar a fara da ƙananan abubuwa masu ɗorewa. A kafa alluna masu nuna hanya da Hausa da Turanci. A tanadi makewayi da ruwa da inuwa a wuraren tarihi da kasuwanni. A kwashe shara kafin bukukuwa da bayansu. A sanar da ranakun hawa da wuri, tunda watannin Musulunci kan matso da kimanin kwana 11 kowace shekara, baƙo kuma yana bukatar lokaci don ya shirya. A ajiye littafin baƙi a kowane wuri, domin sai an san yawan masu zuwa ake iya yin kasafi mai ma'ana.

Ga iyayen ƙasa, hakimai da dagatai, a zaɓo matasa masu natsuwa, dattawa su koya musu tarihi yadda yake, don su zama 'yan rakiya. Hukumar Tarihi da Al'adu ta Jihar Katsina wuri ne da za a nemi shawara a kan haka. A hana haƙar yashi da gine-gine a kan kufai da ganuwa.

Ga sauran jama'a, dukawa, maƙera, masu fura da nono, masu kilishi, 'yan acaɓa da masu a-daidaita-sahu, kada a ninka wa baƙo farashi don an ga ba ɗan gari ba ne. Ribar yini guda ce, hasarar shekaru. A hana yara bin baƙi da roƙo. Shi ma baƙon a sanar da shi cikin ladabi irin suturar da ta dace, da neman izini kafin ɗaukar hoton mutane, musamman mata. Duk wanda aka ga take-takensa ba su kwanta ba, a sanar da mai unguwa ko jami'an tsaro, domin babu mai zuwa hutu inda babu kwanciyar hankali.

Masu bakin teku sun ɗauki yashin da ba ya nomuwa sun mai da shi abin neman abinci, ta hanyar tsari da kulawa. Mu kuma gadonmu ya girmi filayensu da ɗaruruwan shekaru. Idan muka tsare ruwanmu da gonakinmu, muka gyara abin da kakanni suka bar mana, baƙon da ya sha ruwan Kusugu zai koma gida da labari mai daɗi, ya dawo da wasu. Allah Ya ba mu zaman lafiya da damina mai albarka, amin.