Fatsa (kamun kifi)

Fatsa hanya ce ta kamun kifi da ƙugiya da zare. Ana soka wa ƙugiyar wani abin da kifi ke kwaɗayi, wanda ake kira koto, a jefa cikin ruwa a jira. Kalmar tana nufin aikin, tana kuma nufin kayan aikin: ana cewa "ya tafi fatsa", ana kuma cewa "fatsarsa ta tsinke". Ta bambanta da su, wanda ake yi da koma ko taru ko birgi. A wurin su masunci ne ke bin kifi ya rutsa shi, a fatsa kuwa kifin ake yaudara har ya kawo kansa. Wannan maƙala ta fi mayar da hankali kan fatsa a gabashin jihar Sakkwato, a ƙananan hukumomin Sabon Birni da Isa, sannan ta kwatanta ta da koton gashin tsuntsu da ake ɗaurawa a wasu ƙasashe.

Kalmomi

A karin harshen Gobir, kamar sauran Hausar yamma, sautin f na daidaitacciyar Hausa yakan koma hw kafin wasalin a, ya koma h kafin i ko u. Shi ya sa fadama ke zama hwadama, kifi ya zama kihi, fatsa kuma ta zama hwatsa. Mutanen yankin sun fi cewa gulbi a inda Bakano zai ce kogi. Kalmar koto ita ce dai wadda ake amfani da ita ga kaza idan tana tsattsagar hatsi da baki, kuma duk wanda ya taɓa riƙe fatsa ya ji yadda ƙaramin kifi ke ɗan taɓa ƙugiya yana saki zai ga dacewar sunan. Masuntan gado ana kiransu Sarkawa, ɗaya Basarke, kuma masana da dama suna danganta sunan da Sorko, masuntan kogin Neja a ƙasar Songhai da Zabarma. Shugabansu a gari shi ne Sarkin Ruwa.

Ruwan yankin

A wannan yanki ne gulbin Rima ke tattara ruwansa. Gulbin Bunsuru da na Gagare suna gangarowa daga ɓangaren Katsina da Zamfara. Gulbin Maraɗi kuma yana tasowa daga ƙasar Katsina, ya shiga Jamhuriyar Nijar, ya bi ta Maraɗi da Tsibiri da Gidan Runji, sannan ya dawo Nijeriya ya faɗa Rima a kusa da Sabon Birni. Alƙalawa, tsohon birnin Gobir da ya faɗi a 1808, a bakin wannan fadama yake. Daga nan ruwan ya nufi madatsar Goronyo, wadda aka kammala ginawa a 1984.

Duk waɗannan gulabe na damina ne. Daga wajen watan Yuni zuwa Satumba sukan cika su malale fadama, ruwan ja wur da laka da yashi, kifi ya bazu cikin ciyawa ya yi ƙwai. Idan kaka ta yi ruwa ya fara janyewa, kifin yakan taru a tafkuna da gurabe masu zurfi. Da rani kuwa wurare da yawa na gulbin rairayi ne zalla, har ana haƙa shi a ɗebi ruwan sha. Wannan laka ta damina ita ce ta tsara irin fatsar da ake yi a nan, kamar yadda za a gani a ƙasa.

Haɗa fatsa

Fatsar hannu ba ta da kaya da yawa: sanda mai lanƙwasa, zare, ƙugiya, ɗan abin nauyi da ɗan abin da ke yawo a saman ruwa. Abin nauyin yawanci dalma ce ko guntun ƙarfe. Na saman ruwa kuma guntun kara ne ko yankin tsohon silifa, shi ne ke nutsewa ya sanar cewa kifi ya kama. A da ana tufka zare da rama ko auduga, maƙera kuma su ƙera ƙugiya, su fitar mata da kunne irin na kibiya don kada ta zame daga bakin kifi. Yanzu zaren roba da ƙugiyar kanti sun maye gurbinsu. Daga cikin ƙugiyoyin da suka yi suna a kasuwannin Afirka ta Yamma akwai na kamfanin Mustad na ƙasar Norway, wanda ya fara ƙera ƙugiya a 1877. Ana sayar da su da lamba, kuma abin da ke ruɗa sabon shiga shi ne lambar tana ƙaruwa ne yayin da ƙugiyar ke ƙanƙancewa.

Gwanintar tana wurin ƙulli. Zaren roba yana da santsi, ƙullin da zai riƙe a zaren auduga sai ya warware a kansa da zarar ya jiƙe. Don haka ake naɗa zaren sau da yawa a jikin ƙugiyar kafin a zura bakinsa a ja, wasu kuma su ɗan ƙona bakin zaren ya dunƙule. Kifin da ya fi girma shi ne ya fi gwada ƙulli, shi ya sa yawancin labaran "babban da ya kuɓuce" idan aka bi diddigi ƙulli ne ya ci amana.

Koto

Kifin da aka fi kamawa da fatsa a tafkunan Rima shi ne tarwaɗa, sai ƙurungu da karfasa da gaiwa. Kowanne da abin da yake so. Tana ita ce koton kowa da kowa, kusan babu kifin da ke ƙin ta. Ana amfani da fara, da shinge idan ya fito bayan ruwan farko, da ƙananan kwaɗi, da hanjin kaza, da ƙananan kifi. Karfasa takan zo wa dusa ko tuwo da aka murza. Tarwaɗa kuwa ta fi son abu mai wari, har gutsuren sabulu ana sa mata.

Dalilin haka yana jikin kifin. Tarwaɗa, wadda masana ke kira Clarias gariepinus, tana da gashin baki guda takwas masu ɗanɗano da jin motsi, idanunta ƙanana ne, kuma ta fi kiwo da dare a ƙasan ruwa. Da hanci da gashin baki take neman abinci. A ruwan da mutum zai tsoma hannu ya daina ganin yatsunsa, koton da ke aiki shi ne wanda ke yaɗa wari ko yake motsi.

Mamari

Mai neman abin sayarwa ba ya tsayawa kan ƙugiya ɗaya. Ana ɗaura ƙugiyoyi da yawa, wani lokaci ɗaruruwa, a jikin doguwar igiya, kowace da gajeren zarenta, a shimfiɗa a ruwa da yamma a duba da asuba. Akwai mai koto, akwai kuma mamari, wanda wasu ke kira mari-mari, da ba a sa masa koto ko kaɗan. A mamari ana jera ƙugiyoyin kusa da juna dab da ƙasan ruwa, kifi marar ɓawo irin tarwaɗa idan ya zo wucewa sai su kama shi a jiki. Ɗaurin mamari aikin kwanaki ne, kuma tazarar ƙugiya da ƙugiya sai ta zo daidai, in ba haka ba ya harɗe tun kafin ya shiga ruwa. Bayan an ɗaga shi ana jera ƙugiyoyin a tsagin kara ko bakin kwando, a wasa waɗanda suka dakushe.

Koton gashin tsuntsu

A wasu ƙasashe akwai koton da ba a ci. Ana ɗaure gashin tsuntsu da gashin dabba da zaren ulu a jikin ƙugiya har ta yi kama da ƙwaro, a jefa a saman ruwa, kifi ya zabura ya cafke. Turawan Ingila suna kiran wannan koto da kalmarsu ta ƙuda. Al'adar ta daɗe. Wani marubucin Rum mai suna Aelian, wajen shekara ta 200 miladiyya, ya bayyana yadda masunta a Makidoniya ke naɗa jan ulu a ƙugiya su ɗaura mata gashin zakara guda biyu. Wani littafi da aka buga a Ingila a 1496 ya kawo iri goma sha biyu na wannan koto, an raba su bisa watanni. A Japan ma masuntan duwatsu suna da tasu hanyar da suke kira tenkara.

Mai ɗaurin yakan danne ƙugiya a ƙaramin matsi, ya fara naɗa zare daga wajen ido zuwa lanƙwasa, ya ɗaura wutsiya, ya gina jiki, ya sa fukafuki, sannan ya naɗa gashin wuyan zakara ya tsaya cirko-cirko kamar ƙafafun ƙwaro. Wani ana yinsa ya yi yawo a sama, wani ya nutse kamar tsutsar ruwa, wani kuma ya kwaikwayi ƙaramin kifi. Cikin kayan da ake nema har da gashin ɗawisu da na jimina da na zabo, wanda a kasuwannin Gobir ake figewa a zubar. Ƙasar Kenya, inda Turawan mulkin mallaka suka kai kifin tirawut a farkon ƙarni na 20, yau tana cikin manyan masu ɗaura wannan koto da hannu suna fitarwa Turai da Amurka. Son gashin tsuntsayen da ba a samu ya taɓa kai wani matashi ɗan Amurka ga fasa gidan tarihi na Tring a Ingila a 2009, inda ya sace fatun tsuntsaye 299.

Wannan koto da ido yake aiki. An ƙirƙire shi ne don kifin tirawut da salmon, masu farauta da gani a ruwan duwatsu mai sanyi, garai-garai. A irin wannan ruwa karin maganar nan ta "kifi na ganinka mai jar koma" gaskiya ce tsagwaronta, domin mai fatsa har ɓuya yake yi. A Afirka ma yana kama tsage da giwan ruwa a inda ruwa ke washewa, kamar kogin Zambezi da kogin Faro na Kamaru. Amma ba sana'a ce da aka sani tsakanin masuntan Rima ba, kuma ba rashin dabara ya hana ba. Gashin zabo ba shi da wari, tarwaɗa kuma ba za ta gan shi cikin laka ba. Ga kuma bambancin buƙata: wanda iyalinsa ke jiran kuɗin cefane ba zai tsaya yaudarar kifi ɗaya-ɗaya ba alhali yana iya shimfiɗa ƙugiya ɗari.

Musaya da ciniki

Masu ɗaura koton gashi don sha'awa suna da wata al'adar musaya mai kama da adashi. Idan mutum goma sha biyu suka shiga, kowa zai ɗaura iri ɗaya guda goma sha biyu, ko goma sha ɗaya idan ba a lissafa nasa ba, ya aika wa mutum guda da ke matsayin uwar adashi. Shi zai rarraba, kowa ya karɓi ƙunshi mai ɗauke da aikin hannun kowane ɗan ƙungiya. Kuɗi ba ya shiga sai na aikawa. Ribar ita ce mutum ya riƙe aikin wani a hannu, ya juya shi, ya gane yadda aka yi ƙullin. Matsalarsu ma irin ta adashi ce, wato wanda ya sa suna ya kasa zubi a kan lokaci.

A ƙasar Gobir musayar ba ta da wannan tsari, domin fatsa a nan abinci ce kafin ta zama nishaɗi. Yaro yakan koyi ƙulli a wurin uba ko yaya, abokai su ranta wa juna ƙugiya, wanda ya haƙo tana da yawa ya sam wa na kusa da shi. Abin da ba a cika bayarwa ba shi ne sirrin gurbin da kifi ke kwana. Sayen kaya kuwa a kasuwa ake yi, wurin 'yan koli masu ƙugiya da zare da dalma, kuma kasuwancin yankin a haɗe yake da Shinkafi ta kudu da Maraɗi ta gabas. Kifin da ya wuce na ci ana banda shi don ya jure tafiya.

Halin da ake ciki

Tun wajen 2019 Sabon Birni da Isa suna cikin ƙananan hukumomin da hare-haren 'yan bindiga suka fi shafa a jihar Sakkwato, kuma dubban mutane sun tsallaka zuwa jihar Maraɗi neman mafaka. Wannan ya taɓa masu fatsa ta hanyar da ta fi ta sauran sana'o'i tsanani, saboda lokutan aikinsu, wato faɗuwar rana da asuba, su ne lokutan da aka fi jin tsoron fita, tafkuna masu kifi kuma galibi suna nesa da gari. Igiyar da aka shimfiɗa ba a samu dubawa ba, kifin da ta kama yakan ruɓe a jikinta. Rufe iyakar Nijeriya da Nijar daga Agustan 2019 zuwa Disambar 2020, da kuma wanda ya biyo bayan juyin mulkin Nijar na Yulin 2023 har zuwa Maris ɗin 2024, ya ƙara dagula zirga-zirgar kaya da ta bandar kifi tsakanin ɓangarorin Gobir biyu.