Basarke: mai jirgin kansa, mai tarun kansa

A kasuwannin ƙasar Jahun, duk wanda ya shigo da kifi masunci ake ce masa. Ba a yi kuskure ba, domin su shi ne kamun kifi, mai yin sa kuwa masunci ne, ko da manomi ne da ya jingine garma ya ɗauki koma da rani. Amma akwai kalmar da ta fi wannan nauyi, kuma ina jin ciwon yadda take ɓacewa daga bakin yara: Basarke, jam'insa Sarkawa, sana'arsa sarkanci.

Kalmar daga yamma ta zo mana, daga Kabi da Yawuri, inda ta fi zama a bakin mutane. Masana tarihi suna danganta ta da Sorko, masuntan Songhai na kogin Kwara, waɗanda wani reshensu ya zauna a ƙasar Kabi ya rikiɗe ya koma Hausawa. Wani Bafaranshe, Jean Rouch, ya yi rubutu a kansu a 1950, ya bayyana su a matsayin masunta masu yawo. Nan ma'anar take. Basarke gadon ruwa ya yi, jirginsa nasa ne, tarunsa nasa ne, ba wanda yake yi wa ƙodago, kuma duk inda ya ji labarin kifi can ya nufa. Da aka tare Kwara a Kainji a 1968 sun cika bakin tafkin, wasu kuma suka nausa gabas har Baga a Tafkin Chadi.

To, mallakar jirgi ba ita ce mallakar ruwa ba. A fadamun kogin Haɗeja, daga Ringim da Taura zuwa Miga da Auyo, ambaliyar Agusta da Satumba ce ke shigo da kifi cikin ciyawa ya hayayyafa. In ruwa ya janye sai ya bar tafkuna da kududdufai cike da tarwaɗa da ƙarfasa da kurungu, gaiwa kuma ta nutse cikin laka ta jira wata damina. Irin wannan ruwa yana da mai shi. Sarkin Ruwa, a ƙarƙashin dagaci ko hakimi, shi ke hana shiga har kifi ya ƙosa, shi ke sa ranar su, baƙon masunci kuma wurinsa yake fara zuwa gaisuwa kafin ya jiƙa taru. Mutum yana cin gashin kansa, amma cikin doka, kuma dokar ce ta sa ake samun abin kamawa baɗi.

Ranar su ake gane wanda ya gada da wanda ya shigo. Ka ga mutum ya kifa cikinsa a kan ƙaton gora, ƙafafu na tuƙi a baya, koma ɗaya a kowane hannu. Ya nitsa su, ya haɗe bakinsu, ya ɗago, ya cafke tarwaɗa ta bayan kai don kada ƙayarta ta soke shi, ya jefa ta cikin goran da yake kwance a kai. Goran nan shi ne jirginsa, shi ne kuma ma'ajinsa. Wanda komarsa ta daɗe tana shan ruwa har ta rine, shi Hausawa ke cewa kifi na ganin ka mai jar koma. Sarkanci kuma bai tsaya ga kamu ba: wanda ƙayar kifi ta maƙale wa a maƙogwaro, gidan Sarkawa aka saba kai shi.

Inda 'yancin ke yin rauni shi ne wajen kaya. Birgi da mamari da kalli mutum ɗaya na iya riƙe su, amma taru sai da yara masu ja, a raba abin da aka samu bayan an fitar da kason mai kaya. Zare da ƙugiya da jirgin katako kuma kuɗi ne, ga shi kifi ba ya jiran ciniki, in ba a yi bandarsa da wuri ba ya lalace. Sai ɗan kasuwa ya ba da bashin kaya, da sharaɗin shi za a sayar wa, a farashin da ya yanka. Kwalayen bandar da ake lodawa a kasuwar kifi ta Haɗeja zuwa kudu, sau da yawa an gama cin kuɗinsu tun kifin na cikin ruwa. Ba mu kaɗai ba ne. A da, a tsibirin Newfoundland na Kanada, masuncin bakin teku mai jirgin kansa da ma'aikatansa yana da sunansa na musamman, planter, shi ma haka bashin attajiri ya ɗaure shi shekara da shekaru.

Sai kuma ruwan kansa ya sauya hali. Madatsar Tiga ta 1974 da ta Challawa ta 1992 sun rage ambaliyar da kifi ya saba da ita, suka sa ruwa ya riƙa kwanciya rani da damina a wasu wurare. Nan ciyawar kacalla ta samu gindin zama, ta toshe hanyoyin da jirgi ke bi. Akwai mashigar da a da ake jan taru a cikinta, yau sai an sa lauje an yanka hanya kafin kwalekwale ɗaya ya wuce.